Windows fasasshe, na lasisi, Linux ko Google Docs: wanne ya dace da kwamfutarka a Maradi?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, tambaya ɗaya ce ke ta sallama a ƙofar shagona a Sabon Gari: yanzu me zan sa wa kwamfutata? Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun kawo ta, masu sibar sun kawo ta, har da wani dattijo mai sayar da taki da iri wanda duk lissafin bashinsa ke cikin Excel. Wadda ta sa na zauna rubuta wannan kuwa wata Hajiya ce, ƙawar babbar yayata, mai wurin buga takardu da fotokofi, da kwamfuta uku da yara biyu masu yi mata aiki.

"Ƙanena," ta ce, "wani ya ce in zubar da injunan nan in sayi sababbi, wani ya ce a sake sa mini irin wanda ake sawa a kasuwa, kai kuma yayarka ta ce kana da wani na kyauta. Ni dai kada a kashe mini kasuwa."

Na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri kwana biyu. Bari in zo in ga irin takardun da ake kawo miki da injin da kike bugawa da shi, sannan in buɗe baki."

Kafin a shiga zaɓi, a gane halin da ake ciki. Kwamfuta mai Windows 10 ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki kamar jiya. Abin da ya sake shi ne duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu, babu mai zuwa ya toshe ta, sai ga wanda ya shiga ƙarin wa'adin shekara guda da aka tsara har zuwa ranar 13 ga Oktoba 2026. Office 2016 da 2019 ma ranar 14 ga Oktoba 2025 aka sallame su. Windows 11 kuwa yana da zaɓen inji: yana son wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana ta Kano da Kwatano ba su kai nan ba. Dubi lambar furosesan taka. In ka ga i5-6300U, shidan farko na nufin zubi na 6, ba ta cika sharaɗi ba. In i5-8250U ce, ta shiga.

Ma'aunin da na auna da shi

Na farko kuɗi, amma ba na ranar saye kaɗai ba. Ina lissafa abin da za ka kashe cikin shekara uku, har da kuɗin mai gyara da ranakun da shago ya zauna babu aiki. Na biyu ƙarko: shekara nawa za a ci gaba da aiko wa abin gyara, kuma tsohon injinka zai iya ɗauka? Na uku sauƙi, wato wa zai zauna ya yi aiki da shi, kuma in ya lalace wa zai gyara a cikin garin nan ba sai an aika Yamai ba. Na huɗu haɗari, na birus da na ɓatan takardu da na doka.

Sai abu biyu da mutumin Turai ba ya sa su a lissafi amma mu dole ne. Ɗaya wuta da reso. Layin da ke ba yankinmu lantarki daga Katsina yake fitowa, kuma kowa ya tuna watan Agustan 2023 da aka yanke shi. Ɗayan kuma musayar takardu: in mutum ya kawo maka takardar Word daga wani wuri, za ta buɗe yadda ya tsara ta, ko layuka za su watse?

Fasasshen Windows da Office

Fasasshe, wato wanda aka sa ba tare da sayen lasisi ba, shi ne abin da ke kan yawancin injunan da ake kawo mini. Kuɗin sa shi bai taka kara ya karya ba, kowa ya iya aiki da shi, kowane mai gyara ya san shi, kowane injin bugawa yana karɓarsa. A sauƙi babu wanda ya kama ƙafarsa, gaskiya ce wannan.

Matsalar tana cikin yadda ake fasa shi. Ƴar manhajar da aka fi amfani da ita tana yi wa Windows ƙarya ne, ta nuna masa wai kwamfutar ta wani babban kamfani ce mai lasisin jama'a. Irin wannan izini kwana 180 yake yi, don haka dole manhajar ta zauna cikin injin tana sabunta ƙaryar. Kafin a sa ta kuma, abu na farko da mai sawa ke yi shi ne kashe mai gadin birus, domin in bai kashe ba zai kama ta. Wato da hannunka ka kori mai gadi, ka ba baƙon da ba ka san asalinsa ba makullin gida. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji da ke yawo a intanet an cusa musu abin satar lambobin sirri. Sannan masu sawa kan rufe hanyar sabuntawa gaba ɗaya don kada a gane. A 2017 an ga abin da hakan ke jawowa: Microsoft ya fitar da gyaran wata ƙofa a watan Maris, a watan Mayu birus ɗin WannaCry ya bi ta ƙofar nan ya kulle injunan da ba su sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila.

To ina arahar? Duk wata uku ko huɗu injin ya yi nauyi, a kai shi a goge a sake sawa, a biya, a rasa yini, wani lokaci a rasa takardun mutane. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin fasaha, kuma yarjejeniyar Bangi da aka fara ƙullawa a 1977 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Abin da ya fi ci mini rai dai ba dokar ba ce. A 1998 Bill Gates da kansa, yana magana kan ƙasar Sin, ya nuna cewa in dai za a saci manhaja, gara a saci tasu, mutane su saba da ita, karɓar kuɗi ta biyo baya. Haka abin ya kasance a nan. Yaranmu sun tashi ba su san kwamfuta tana da wata fuska ba sai wannan, kowace makarantar koyon kwamfuta ita take koyarwa, duk wanda ya zo da wani abu dabam sai a dube shi kamar ya zo da baƙon addini. Fasasshiyar manhaja ba ta karya babban kamfani, masu gasa da shi take kashewa.

Windows da Office na lasisi

A ƙarko da kwanciyar hankali wannan ya yi. Gyara yana zuwa kowane wata, mai gadin birus yana cikinsa ba sai ka saya ba, takardar kowa tana buɗewa yadda take. Office 2024 za a kula da shi har Oktoban 2029.

Ga farashin da Microsoft ke sakawa a Turai, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Windows 11 na gida yuro 145, jika 95 ke nan. Office 2024 na gida yuro 149, kusan jika 98. Sai dai wannan na gida ne kamar sunansa, lasisinsa bai yarda a yi sana'a da shi ba. Mai wurin buga takardu sai ya ɗauki na ƙananan ƴan kasuwa, yuro 299, jika 196 a kan kwamfuta ɗaya. Hajiya mai uku za ta ajiye jika 588 kafin ta taɓa maganar inji. Akwai kuma na haya, Microsoft 365, yuro 99 a shekara ga mutum ɗaya, kusan jika 65, tare da wurin ajiya na tera guda a intanet. Shekara biyar jika 325, ranar da ka daina biya kuma ka koma mai karatu kawai, ba ka iya gyara takardarka. Biyan yana son katin banki mai aiki a intanet, abin da ba kowa ke da shi ba a garin da aka fi sabawa da Nita da Amana.

Ga wani abu da zai rage wa wasu kuɗi. Kwamfutocin manyan kamfanoni da aka ƙera tun zamanin Windows 8 sukan zo da lasisinsu a dashe cikin injin. In aka sa irin Windows ɗin da ya dace da su daga shafin Microsoft, da kansu suke karɓar izini da zarar sun hau intanet. Na sha ganin kwamfuta mai lasisin halal a cikinta an zo an ɗora mata fasasshe saboda mai sawa bai duba ba. Ka sa a duba taka kafin ka biya ko dala.

Ka yi hattara da lambobin lasisi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp a kan jika biyu ko uku. Abin jika 95 ba ya zama na jika uku sai da dalili, kuma irin waɗannan lambobi ana iya toshe su kowane lokaci.

Linux Mint da LibreOffice

A nan zan daɗe, domin shi ne wanda mutane ba su sani ba. Linux Mint madadin Windows ne, LibreOffice madadin Office, duka biyu buɗaɗɗun manhajoji ne.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya raba. Kamar mai kilishi ne da ya ba ka kilishi, ya haɗa maka da yadda ake dama labu, ya ce in ka inganta ka koya wa na gaba. Richard Stallman ya fara wannan tafiya a Amurka a 1983 da shirin GNU. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar Linux. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu don talaka ya iya amfani da shi, a 2006 kuma wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fara Linux Mint, wanda aka gina a kan Ubuntu. LibreOffice ya fito a 2010, lokacin da masu aikin OpenOffice suka ɓalle bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun. Kada ka ɗauka baƙon abu ne: salular Android da ke aljihunka a kan Linux take tafiya, VLC da kake kallon fim da shi buɗaɗɗe ne, haka Firefox, haka KoboToolbox da ma'aikatan ƙungiyoyi ke cika bayanai da shi a ƙauyuka.

Kuɗinsa: babu. Abin da za ka kashe shi ne megar sauke shi, kusan giga 3, sau ɗaya. Daga nan kile guda ya isa a sa wa kwamfuta ɗari, kuma halal ne, lasisin ma shi ya ce a raba. LibreOffice yana cikinsa tun daga farko, da Faransanci in kana so.

Ƙarko shi ne babban ƙarfinsa a wurinmu. Zubin Mint na 22 za a kula da shi har 2029, kuma ba ruwansa da TPM. Giga 2 na RAM yana tashi, giga 4 yana sakewa, akwai ma nau'in Xfce don injin da ya tsufa sosai. Kwamfutar da Windows 11 ya ƙi, wannan zai karɓe ta ta ƙara shekaru.

Haɗari kuwa, bari in nuna da abin da ya faru a gabana. Wata ɗaliba ta shigo mini da magariba tana kuka, gobe za ta kai memuwar ɗinta, ta sa kile a wani sibar, duk manyan fayilolinta sun koma ƴan gajerun alamomi masu kibiya. Ta ce, "Yaya, aikin shekara guda ya tafi." Na karɓi kilen na soka a injina mai Mint. Ga memuwar nan, ga hotunan gonakin gwajinta, babu abin da ya taɓa su. Irin wannan birus ba ya gogewa, ɓoyewa yake yi, ya ajiye alamar ƙarya a madadin fayil, kana dannawa ya shiga injinka. Linux ba ya bin umarnin ɓoyewar, birus ɗin kuma ba ya iya motsi a cikinsa, sai ka gan shi kwance kamar mataccen ƙadangare, ka goge. Ba wai Linux ba ya kamuwa da komai ba ne, wanda ya ba da lambar sirrinsa ga ɗan damfara babu manhajar da za ta cece shi. Amma ga wurin da kile ashirin ke shiga a yini, bambancin sama da ƙasa ne.

Sauƙi ne inda ya kamata in faɗi gaskiya mai ɗaci. Fuskar Mint ta yi kama da ta Windows 7, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, wanda ya iya waccan zai saba cikin mako guda. Writer yana aikin Word, Calc na Excel, Impress na PowerPoint, kuma suna buɗe fayilolin Word da Excel, wato docx da xlsx, su ajiye a haka. Wasiƙa, takardar neman aiki, fakti, jarrabawar makaranta, lafiya lau. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da rubutun Larabci daga dama zuwa hagu, duk yana yi in an saita. Inda ake samun cikas uku ne.

Takarda mai tsari da yawa, mai teburori cikin teburori da hotuna masu yawo, takan ɗan goce. Rabin wannan matsala daga irin haruffa take: Calibri da Cambria na Microsoft ne, in babu su sai injin ya sa wasu masu faɗi dabam, shafi 80 ya koma 83. Maganinta a sa Carlito da Caladea, waɗanda aka ƙera da faɗi ɗaya da waɗancan. Liberation kuma shi ke tsaya wa Arial da Times New Roman. Excel mai makro da yawa, wato ƴan umarnin da ke yin aiki da kansu, dai ba ya tafiya daidai, kada a ruɗe ka.

Cikas na biyu manhajojin sana'a. CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD da Sage na akantoci ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP da Scribus, suna da ƙarfi, amma mai zanen katin biki da allon talla da ya shekara goma hannunsa na kan Corel ba zai koma ɗan koyo a tsakiyar kakar aure ba, ban kuma ce ya yi ba.

Na uku injin bugawa, kuma shi ne alƙali. Injunan HP galibi ana sokawa suke kamawa, Epson ma yana ba da direbansa na Linux, wato manhajar da ke haɗa injin da kwamfuta. Canon LBP2900 da ya cika wuraren buga takardu kuwa yana amfani da wani direba mai suna CAPT wanda ɗaura shi a Linux sai gwani. Abin daɗin shi ne ba sai ka goge komai za ka gwada ba. Mint yana tashi daga kan kile kai tsaye, ka buɗe takardunka, ka buga shafi, ka duba sikana da wifi, ka cire kile injinka ya koma yadda yake. Gani ya kori ji.

Masu gyaran da suka san Linux a Maradi ba su kai na Windows yawa ba, wannan ma ka sa a lissafi. Manyan hukumomi ma sun bi hanyar Linux, wasu ta karɓe su, wasu ta ba su wuya. Jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice a 2005, daga 2008 suka fara komawa Ubuntu, har yau suna kai. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke a 2024 za ta mai da kwamfuta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Birnin Munich kuwa ya shekara fiye da goma a kan Linux, a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Sauyin da ba a koyar da ma'aikata ba, ba ya zama.

Akwai hanyar tsakiya da mutane ke mantawa: LibreOffice yana hawa kan Windows. In injinka yana da lasisin Windows a dashe, sa masa LibreOffice, ka huta da jika 196 kuma ba ka fasa komai ba.

Google Docs da makamantansa

Wannan kyauta ne amma ba buɗaɗɗe ba, takardunka suna zaune a injunan kamfanin. Ana ba ka giga 15 da Gmail da Drive da hotuna ke rabawa. Kyansa biyu: ko an sace kwamfutar aikinka yana nan, kuma mutum uku na iya gyara takarda ɗaya, ɗaya a Maradi, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai. Ana iya saita shi a Chrome ya yi aiki ba reso, amma asalinsa ɗan intanet ne. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun wuni suna lalube. Ban ba mai shago shawarar ya jingina abincinsa a nan ba. In ka manta lambar sirri kuma layin da ka yi rajista da shi ya mutu, sai addu'a.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | In babu reso |
|---|---|---|---|---|---|
| Fasasshe | Kaɗan yau, gyara kullum | Gajere | Kowa ya iya | Babba | Yana aiki |
| Na lasisi | Jika 95, da 98 ko 196 | Mai kyau, a sabon inji | Kowa ya iya | Kaɗan | Yana aiki |
| Mint da LibreOffice | Megar saukewa | Har 2029, ko a tsohon inji | Sai an saba | Kaɗan | Yana aiki |
| Windows da LibreOffice | Babu, in lasisi na dashe | Gwargwadon Windows ɗin | Da sauƙi | Kaɗan a Windows 11 | Yana aiki |
| Google Docs | Mega kowane wata | Gwargwadon kamfanin | Da sauƙi | Ɓatan asusu | Da ƙyar |

Yadda fayil zai tashi daga hannu zuwa hannu

Kowanne ka zaɓa, sai takarda ta shigo ta fita. Kile, wanda ƴan'uwanmu na Katsina ke ce wa filash, shi ne babbar hanyar birus. WhatsApp yana ɗaukar fayil har giga 2, amma yana cin mega, yana kuma matse hoto ya rage masa kyau in ba ka tura shi a matsayin takarda ba. Masu kawo hoton fasfo a buga, ku riƙe wannan. Xender da SHAREit kowa ya san su, suna da sauri kuma ba sa son reso, sai dai talla ta yi musu yawa kuma ba wanda ya san abin da ke cikinsu sai masu su. Indiya ta haramta su duka biyu a watan Yunin 2020, a farkon 2021 kuma kamfanin tsaro na Trend Micro ya bayyana ramuka a cikin SHAREit.

Wanda nake sa wa mutane yanzu shi ne LocalSend. Buɗaɗɗe ne, babu talla, babu rajista, yana hawa Android da iPhone da Windows da Linux. Sharaɗinsa kawai na'urorin su kasance kan wifi ɗaya, ko da wanda salula ta kunna ne, ba ya taɓa megarka. Toren kuma, da wasu ke ɗauka hanyar satar fim ce kawai, dabara ce da Bram Cohen ya fito da ita a 2001 inda masu saukewa ke taimakon juna da guntaye. Ubuntu da Mint da LibreOffice da kansu suna raba kayansu ta nan, kuma ga mai reso mai yankewa ya fi, domin in ya tsaya daga inda ya tsaya yake ci gaba. Laifi ko halal yana ga abin da aka raba.

Abin da ya sa yau takardar Word ke buɗewa a wani wuri ma, gasa ce ta jawo. A 2004 Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta tilasta masa bayyana yadda injunansa ke magana da juna. A 2006 ODF, tsarin takardun OpenOffice irin su odt, ya zama ma'aunin duniya, a 2008 na docx ya bi sahu, Word ma ya koyi buɗe odt. Ko mai lasisi yana cin moriyar waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Duk takardar da ta gama, ka fitar da ita PDF kafin ka kai bugu, ita ce ba ta gocewa a kowane inji.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi mai kwamfutar gwanjo zubi na 7 zuwa ƙasa: Mint da LibreOffice, ka haɗa da Zotero don jera littattafan da ka duba, ka ajiye kwafin memuwar a Drive duk daren Juma'a. In malaminka yana gyara da jan alƙalamin Word, ku gwada da babi ɗaya tun da wuri.

Ɗan kasuwa mai lissafin kaya da bashi: Calc ya ishe ka, a kan Mint ko a kan Windows mai lasisi. In akantanka da Sage yake aiki, to Windows na lasisi, babu ja.

Makaranta mai ɗakin kwamfuta: Mint a kan duka. Yaron da ya koyi ma'anar tebur da lissafi a Calc zai iya Excel cikin yini biyu.

Mai zane da ɗab'i, da injiniya mai AutoCAD: sayi inji zubi na 8 zuwa sama, riƙe Windows 11 na halal, sa kuɗin lasisi cikin farashin aikinka.

Ƙungiya mai ma'aikata a garuruwa dabam-dabam: Google Docs ko Microsoft 365 don aikin tare, da LibreOffice a kowane inji saboda ranar da reso ya ɗauke.

Fasasshe kuwa ban ga wanda zan ce ya dace da shi ba, tunda duk abin da yake yi akwai mai yin sa ba tare da an kori mai gadi ba.

Mai wurin buga takardu, kamar Hajiya, raba ƙafa ya fi. Da muka gwada daga kan kile, injin bugawarta ɗaya ya kama nan take, ɗayan ya ƙi. Sai muka mai da kwamfuta biyu kan Mint, ta sayar da ta ukun ta cika ta sayi gwanjo zubi na 8 mai lasisi a dashe, aka haɗa ta da injin da ya ƙi, ita ce kuma ke aikin katunan biki. Yaran sun yi gunaguni mako guda, ƙaramin ma shi ya fara gano inda ake fitar da PDF da danni ɗaya. Ta kafa doka guda da bakinta: duk kilen da ya shigo daga waje, a kwamfutar bakin ƙofa mai Mint ake fara soka shi, daga nan takardar ta wuce ciki ta LocalSend.